Ku Tambaya Mu Amsa: Na Haɗa Akwatin Sifika, Bes Ɗin Ya Ƙi Fita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Na siyo wufa guda biyu mai inci 8 da twita a Sabon Gari nan Kano, kuɗina masu yawa suka tafi, na kai wa kafinta ya buga min manyan akwatuna saboda ina son bes mai nauyi a ɗakina, amma da na jona amfilifaya sai naji sautin kamar ana buga bokiti, akwatin ma sai karkarwa yake. Sifikun ne jabu ko me? Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya naji maka, amma kar ka yi saurin zargin sifikun, ni inaga akwatin ne. Kafinta ya iya ƙofa da kabad, sai dai akwatin sifika ba da ido ake yanka shi ba, iskar da ke kulle a ciki ita ce take riƙe takardar wufa ta baya, in akwatin yayi girma fiye da kima takardar sai ta rinƙa lilo babu mai tsare ta, in yayi ƙanƙanta kuma sai ta shaƙe bes ɗin ya mutu.

Kowace wufa ta kirki tana zuwa da wasu lambobi uku, Fs da Qts da Vas, waɗanda da su ake lissafa akwatin da zai dace da ita. Wani injiniya ɗan Ostareliya, Neville Thiele, shi ya fara fitar da lissafin a 1961, daga baya Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, shi yasa ake kiransu lambobin Thiele da Small. Duba bayan maganaɗisun wufar taka ka kwafi sunan kamfani da lambarta ka nema a intanet, in ka samu lambobin sai ka zuba su a manhajar WinISD, kyauta ce a kwamfuta, ita zata faɗa maka lita nawa akwatin ke buƙata. In Qts ya gaza 0.4 yawanci akwati mai bututun iska ya fi dacewa, in ya haura haka toh rufaffen akwati. Ni dai tunda wannan ne aikinka na farko rufaffe zan ce kayi, yafi yafe kuskure, mai bututu kuwa in ka kuskure tsawon bututun ko faɗinsa shikenan sai ka ji bes guda ɗaya yana ta dum dum ko wace waƙa aka sa.

Lissafin lita ba wuya. Auna CIKIN akwatin da santimita, faɗi sau zurfi sau tsawo, ka raba da 1000. Misali 20 da 25 da 40 zai baka lita 20. Ka tsaya kan kafinta ka nanata masa awon ciki kake nufi, don katako mai kaurin milimita 18 yana cin santimita 3.6 daga kowane awo in an auna ta waje, kuma ka ɗan ƙara saboda wurin da wufar da katakon tokare zasu cinye.

Maganar karkarwa kuma, kusan na tabbata siririn fale-falen katako aka sa maka aka bi shi da ƙusa. Nemi MDF (katakon da ake yi da garin katako da gam) milimita 18 ko filawud mai kyau wanda babu rami a tsakaninsa, a haɗa da gam na katako sosai a matse shi ya kwana, a sa katakon tokare daga bango zuwa bango a ciki, sannan a bi duk kusurwa a toshe kar iska ta samu ko ƙofar allura. Ƙwanƙwasa gefen akwatin da yatsa, in yayi ƙara kamar ganga da sauran aiki. A ciki ka shimfiɗa audugar roba irin ta filo, kar ka danƙare ta. Girma ba shi ne inganci ba wallahi, ƙaramar sifikar nan LS3/5A da BBC ta ƙera a shekarun 1970 cikinta wajen lita 5 ne kacal, da filawud milimita 12 aka yi ta aka manna mata kwalta ta ciki don kashe karkarwa, har yau masu kunne suna rububinta.

Abu ɗaya da baka ambata ba kuma yana damuna, ka sa kurosoba, wato na'urar da ke raba sauti ta tura bes wa wufa, siririn sauti kuma wa twita? In kai tsaye ka jona twitar a amfilifaya zata ƙone, cire ta yanzu. Sannan ka gwada wayoyin da batirin tocila mai volt 1.5, taɓa wufar kawai, duka biyun su turo gaba in ka haɗa ja da ja, don in ɗaya na shiga ɗaya na fita bes ɗinsu kashe juna yake.

TAMBAYA: Malam ance MDF baya son ruwa, mu kuma da damina ɗakinmu yana raɓa. Yaya zanyi? Daga wata mai karatu, Kaduna.

AMSA: Gaskiya aka faɗa miki Hajiya, in ya sha ruwa kumbura yake kuma baya komawa. Ki sa a shafe shi da fenti ko banish ciki da waje, musamman bakin da aka yanka don nan yafi zuƙa, a yi masa ƙafafu kar ya zauna kan siminti. In raɓar tayi yawa ki koma filawud kawai. Kuma dan Allah ki ce wa mai yankan ya rufe hancinsa ya yi a waje, ƙurar MDF tana da laushi sosai ga gam a jikinta, tana cutar da huhu.