Wasiyya a Saudiyya: lauya za a nema, ko takardar hannu ta isa?

Tambaya daga wani magidanci a Jidda: "Ni ɗan Kano ne, na daɗe ina aiki a wani kamfani a nan, igamata, wato katin izinin zamana, kuma lafiya lau. Ina da gida a Kano da 'yan kuɗi a banki a nan, uwargida tana can da manyan yara, amarya tana tare da ni. Na je wani ofishin lauya kan maganar wasiyya, kuɗin da suka yanka mini ya ba ni tsoro. Wani mu'akkib, mai bin takardu a ofisoshin gwamnati, ya ce zai yi mini a kan abin da bai kai rabi ba. Wanne zan ɗauka?"

Alhaji, Allah ya ƙara nisan kwana. Kafin ka zaɓi ɗaya daga cikinsu, ka san cewa rubuta wasiyya a ƙasar nan ba dole sai da lauya ba. Ma'aikatar Shari'a ce ke tabbatar da ita ta hannun kitabatul adli, wato ofishinta na tabbatar da takardu, kuma a manhajarta ta Najiz akwai wurin da ake shigar da buƙatar hakan. Mai igama mai rai da ke iya shiga ta Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, zai iya buɗewa da kansa ya gani. Idan abin da kake so shi ne ka ce a cire wani kaso a gina rijiya, ko a ba wani wanda ba magaji ba, ga kuma wanda ka naɗa wasiyyi, mai zartar da ita, wannan ba aikin da za ka zubar da albashin wata a kansa ba ne.

Dalili kuwa shi ne, rabon gado ba a hannunka yake ba, ba kuma a hannun lauya ba. Dokar zamantakewar iyali da Saudiyya ta fitar a 2022 ta bi abin da muka sani tun a zaure: a fara da hidimar jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya a cikin sulusi, saura na magada. A nan Makka ne Sa'adu ɗan Abi Wakkas, yana kwance ba lafiya, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya nemi rabi aka hana, aka tsayar da shi a sulusi, aka ce shi ma yana da yawa. Duk lauyan da ya ce zai tsara maka rubutun da zai ba ɗakin amarya fiye da rabonsa, kuɗinka kawai yake so.

To amma kai lamarinka yana da ƙafa biyu, ɗaya a nan, ɗaya a Kano, kuma a nan ne shawarar lauya take da daraja. Ranar da ta Allah ta kasance, banki zai rufe asusunka, ba zai saki ko riyal ɗaya ba sai an kawo takardar da ta ƙididdige magada, wadda ake kira hasrul warasa. Haƙƙinka na ƙarshen aiki a kamfani, wato rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko da cikakken albashi a kan kowace shekara bayan nan, shi ma gado ne. Uwargida da yaran da ke Kano sai sun wakilta wani a nan, takardunsu sai an fassara su zuwa Larabci a ofishin tarjama mai lasisi, an buga musu hatimin da ake buƙata. Idan sunanka a fasfo daban ne da wanda ke kan takardar haihuwar yara, a can Muhammadu Sani, a nan Muhammad Thani, ka tanadar wa iyalinka zirga-zirgar da ba su san ranar ƙarewarta ba. Irin waɗannan za ka ɗauka ka kai wa lauya a zama ɗaya na shawara, ka biya kuɗin zaman, ya nuna maka inda ɓaraka take. Ba sai ka ɗora masa aikin gaba ɗaya ba.

Wajen zaɓe, ka fara da lasisi. Ma'aikatar Shari'a ce ke bayar da shi, kuma a Najiz akwai jerin lauyoyin da ke aiki, ka sa sunan mutum ka ga ko yana ciki. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yin shari'ar gadon baƙo mai magada a waje, domin wanda ya ƙware a rigimar kamfanoni ba lallai ya san wannan lungu ba. A rubuta yarjejeniya: ga aikin, ga kuɗin, ga abin da bai shiga ciki ba, musamman tarjama. Idan Larabcinka na kasuwa ne, tafi da wanda ya yi karatu, amma kada ya kasance cikin masu cin gadonka.

Mu'akkib kuwa, aikinsa bin takarda daga wannan taga zuwa waccan, kuma da yawansu sun iya. Ba shi da hurumin ba ka shawarar shari'a, in ya kuskure kuma babu inda za ka kai ƙararsa a matsayin lauya. Abin da ya fi damuna shi ne, yawanci zai ce ka miƙo waya ya shiga Nafath ɗinka. Kada ka yarda.

Gidan Kano dabam ne. Kotun shari'ar Musulunci ta can ce za ta raba shi, don haka in ka je hutu ka zauna da lauya ko malamin da ya san aikin kotu a can, a ajiye kwafin wasiyyar, a tabbatar takardun gidan da sunanka suke. Abin da ke rubuce a nan da na can su zama magana ɗaya. Wakalar da ka ba ƙaninka ta kula da gida kuma tana faɗuwa ne da rasuwarka, kada ya ɗauka ita ce wasiyya.

Tambaya daga wata Hajiya a Makka: "Ina sayar da dogayen riguna da turare ga alhazai. Tun ina gida na sa wani malami ya rubuta mini wasiyya. Bayan nan babban ɗana ya rasu ya bar yara uku, ga yarinyar da na riƙa tun tana goye, ga 'yata da ke ɗawainiya da ni, ina so ta fi 'yan'uwanta samu. Ɗana namiji ɗaya ya rage. Tsohuwar takardar tana nan da ƙarfinta?"

Hajiya, Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya raya abin da ya bari. Takardar tana nan har sai kin janye ta, kuma kina da ikon janyewa ko gyarawa muddin kina raye da hankalinki. Ni dai shawarata a sake sabuwa ɗungurungum, a rubuta a farkonta cewa ta shafe duk wadda ta gabace ta, a sa kwanan wata, a sanar da wanda ke riƙe da tsohuwar. Takardu biyu masu karo da juna su ne ke raba zumunci.

Jikokin nan su ne suka fi buƙatar alƙalaminki. Tunda baffansu yana raye, ya shamakance su, ba za su gaje ki ba. Yarinyar riƙo ita ma ba ta da gado, komai daɗewarta a ɗakinki. Dukansu sai ta hanyar wasiyya, kuma su huɗun a cikin sulusi ɗaya za su shiga, tare da duk wata sadaka da kika ambata a tsohuwar takarda. Ki faɗi sunan kowa da na mahaifinsa, ki faɗi kason kowa. Kaso ya fi a ambaci adadin kuɗi, domin jarin 'yar kasuwa yau sama gobe ƙasa.

'Yarki kuwa magajiya ce, babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun amince, kuma amincewar da ake dogaro da ita ita ce ta bayan rasuwa. "Mun yarda, Umma" da za su ce yanzu don kunya ba ta ɗaure kowa. Hanyar da ta rage ita ce kyauta tun kina da lafiya, ki ba ta, ta karɓa ta riƙe a hannunta, shaidu su gani. Warwaron da kika ce nata ne amma yana cikin akwatinki har kika bar duniya, gado ne. Kyautar da aka yi a ciwon ajali ma hukuncin wasiyya take ɗauka. Ki kuma tambayi malaminki batun fifita wani ɗa a kan wani a kyauta, domin magana ce mai nauyi, ko da yake biyan wadda ta yi miki hidima yana da nasa matsayi.

Ba ki faɗi matsayin takardunki ba. In igamar tana da rai, ki bi ta kitabatul adli, in kuma kin fi sakewa da mace, tun 2013 ake ba mata lasisin lauya a ƙasar nan. In ba ta da rai, kada hakan ya sa ki zauna haka. A rubuta, a karanta a gaban maza biyu adalai, su sa hannu. Malamanmu na Malikiyya ba sa zartar da takardar da aka tsinta a ƙarƙashin filo ba tare da an shaidar da ita ba, ko da an gane rubutun mai ita ne. Ki haɗa da littafin bashi: zubin adashe da ya rage, kuɗin da wata ta turo daga kasuwar Kwari ta Kano a saya mata kaya, gwal ɗin da aka ba ki ajiya, da waɗanda ke riƙe da naki. A wurin 'yar kasuwa, wannan littafi ya fi wasiyyar kanta hana rigima.

Tambaya daga wani matashi a Madina: "Shagona da sunan wani ɗan ƙasa yake, amma jarin nawa ne. In rubuta a wasiyya cewa nawa ne?"

Ɗan'uwa, rubutawa ba za ta mayar da shi naka a idon hukuma ba. Abin da ka kwatanta shi ake kira tasattur, kuma dokar 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan biyar, a kanka da shi mai sunan. In ka rasu a haka, matarka ba ta da abin kaiwa kotu sai takardar da ke tona laifi, in shi ya riga ka kuma magadansa za su lissafa shagon a cikin dukiyar ubansu. Kai ne a cikin ku ukun nan kake buƙatar lauya mai lasisi da gaggawa, kuma ba don wasiyya ba. Ka je ka faɗa masa gaskiyar lamarin, doka ta ɗora masa riƙe sirrin wanda ya zo neman shawara, ya duba ko akwai hanyar daidaita shagon ko ta fitar da jarinka tun ku biyun kuna raye kuna gaisawa.