Wata nawa filtar ruwa take yi kafin a canza mata sham'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Makka, unguwar Hindawiyya, mu 9 ne a gida har da jikoki. Shekara ɗaya da rabi ke nan da muka sa filta mai hawa 7 a kicin, ba mu taɓa canza mata komai ba. Yanzu ruwan siriri yake zubowa, sai an gaji da tsayuwa kafin butar shayi ta cika. Wanda ya haɗa mana ya ce kamata ya yi duk wata 3 a canza sham'o'in, wato matatun da ke cikinta, gaba ɗaya, maƙwabciyata kuma ta ce tata ta shekara 2 ba a taɓa ta ba, ruwa garau. Wa zan bi? Daga wata uwargida a Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya raya jikoki. A wannan magana kada ki bi ko ɗayansu. Mai haɗa filta kasuwarsa yake nema, maƙwabciyarki kuma da ido take auna ruwa, ido kuwa ba ya ganin gishiri, ba ya ganin ƙwayar cuta. Abin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wankenki matatu 7 ne a jere, kowacce da aikinta, kowacce da wa'adinta. Wata tana gajiya cikin 'yan watanni, wata tana kai shekara 3.

Sham'a ta farko, farar nan da ake hangowa ta cikin kwalba mai haske, ita ce mai tare yashi da tsatsa da laka. Ƙofofinta maikiron 5 ne a yawancin filtoci, wato ƙanana ƙwarai da ido ba ya iya gani. Wa'adinta wata 3 zuwa 6, kuma ita kaɗai ce ido zai iya yi wa hukunci: in ta rine ta koma ruwan ƙasa, a cire ta, ko da watanta ɗaya. Kada a wanke a mayar, dattin yana can cikin zarenta.

Abin da ya sa ta wani gida take wata 6 fes, ta wani kuma ta rine kafin wata 2, ba daga kamfanin filta ba ne. Yawancin ruwan Makka da Jidda na Bahar Maliya ne da aka cire wa gishiri a Shu'aiba, na Madina kuma daga Yanbu, kuma da tsabtarsa yake barowa can. A hanya yake kwasar abin da yake kwasa: tsofaffin bututu, sai tankin ƙasa na gida, sai famfo ya tura shi tankin saman bene. In ruwan layi ya yanke aka kira wayit, wato motar tankar ruwa, an ƙara wani tanki ke nan da ba ki san rabonsa da wanki ba. Gidan haya mai iyalai da yawa, kowa yana jiran wani ya kira masu wankin tanki, shi ne inda sham'a ta farko take mutuwa da wuri. Don haka ni shawarata kullum daga nan take farawa: a wanke tankuna biyun sau 2 a shekara, a tabbata murfinsu yana rufuwa. Wannan kaɗai yana ƙara wa filta kwana fiye da duk wata sham'a mai tsada.

Ta biyu da ta uku gawayi ne, ɗaya tsaki-tsaki, ɗaya curarre. Su ke kama kulorin da wari da ɗanɗano mara daɗi. Wata 6 nake ba su a gida mai yawan jama'a irin naki, ƙaramin gida kuma su iya kai shekara. A nan mutane suka fi yin asara, saboda gawayi ba ya nuna gajiya. Baƙi yake ranar da aka sa shi, baƙi yake ranar da ya daina aiki. In ya cika, kulorin sai ya wuce kai tsaye zuwa hawa na huɗu, wanda ake kira mimbarin, kulorin kuwa cin fatar mimbarin yake yi. Sai mutum ya ga ya yi tsimin kuɗin sham'a biyu masu araha, ya kashe wadda ta fi kowacce tsada. Ga kuma wani abu: tsohon gawayi mai jiƙe, a kicin mai zafi, wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne.

Mimbarin, wato naɗaɗɗiyar fatar da ke kwance a sama, shi ne mai raba ruwa da gishiri da sauran abubuwan da suka narke. In an kula da ukun farko yana yin shekara 2 zuwa 3. Shi ba a canza shi da lissafin wata, auna shi ake yi. Ki sa yara su sayo miki ɗan alƙalamin awon TDS, wato yawan gishirin da ya narke a ruwa, a shagon kayan famfo, ba shi da tsada. A auna ruwan famfo, a auna na filta bayan an bar shi ya zuba kamar minti ɗaya. Lafiyayyen mimbarin yana cire kashi 90 cikin 100 ko fiye. Misali, in na famfo ya nuna 200, na filta ya kamata ya tsaya 20 ko ƙasa da haka. In ya haura 40 yana ta hawa, lokacinsa ya yi. Sai dai a kula, hawa na shida yana mayar da ma'adinai cikin ruwa, yana ɗaga lambar, saboda haka awon gaskiya a bututun da ya fito daga mimbarin ake yin sa. Kuma alƙalamin nan gishiri kawai yake gani. Lamba ƙarama ba shaida ce ta cewa gawayi yana nan lafiya ba, ko cewa babu ƙwayar cuta.

Zafin garin nan ma yana da nasa. An ƙera mimbarin ne ya jure ruwan da bai wuce digiri 45 ba, ke kuwa kin san yadda ruwan tankin sama yake saukowa da azahar a Yuli da Agusta, ko alwala sai an bari ya huce. A yi wa tankin rumfa ko a naɗe shi, filta za ta ji daɗi, masu wanka ma haka.

Na biyar zuwa na bakwai, gawayin gyara ɗanɗano da 'yan duwatsun ma'adinai, shekara ɗaya ya ishe su. Maganar da 'yan talla suke yi cewa hawa na bakwai yana maganin cututtuka, ki bar musu abinsu. In filtarki tana da fitilar kashe ƙwayoyin cuta, ita ma duk shekara, don bayan awa kamar 9,000 ƙarfinta yana raguwa ko da tana ci gaba da haske.

Yanzu batun ruwa siriri. Kafin a zargi sham'a, a ɗaga farin tankin da ke gefen filta. In yana da nauyi amma ruwa ba ya fita da ƙarfi, iskar cikinsa ce ta tsere. A rufe ruwan shiga, a zubar da na ciki duka, a auna bawul ɗinsa da ma'aunin iskar taya. Wajen 7 ya kamata ya nuna a ma'aunin psi, kuma famfon keke ya isa a ƙara masa. In ruwa ne ya fito ta bawul maimakon iska, robar ciki ta yage, sai sabon tanki. In kuwa tankin sakayau yake, injin filtar yana ta gurnani ba ya tsayawa, to toshewa ce. Bayan shekara ɗaya da rabi babu canji, a gida mai mutum 9, na fi zaton wannan ce matsalarki.

Abin da za a yi wannan makon: a canza ukun farko da ukun ƙarshe, a wanke kwalaben da kyau, sannan a auna mimbarin. Mai yiwuwa ya tsira, mai yiwuwa kulorin ya riga ya gama da shi; awo ne zai faɗa, ba bakin mai gyara ba. Ki tsaya a kansa ko ki sa ɗaya daga cikin yaran, a ga an farke ledar sababbin a gabanku, a bar muku tsofaffin. Ruwan da ya fara cika tankin filtar bayan canji a zubar, garin gawayi ne yake sa shi baƙi-baƙi. In har da sabon mimbarin, a bar tankin ya cika a zubar sau biyu.

Daga nan ki ɗaure wa kanki lokaci biyu da ba za ki manta ba: Sha'aban, kafin azumi ya ninka shan ruwa da girki, da kuma Safar, bayan baƙin Hajji sun koma gida. Wata 6 ne tsakaninsu. A kowanne a canza gawayi biyun, a wanke tankuna, a auna mimbarin, farar sham'a kuma a riƙa leƙa ta duk wata. A liƙa takarda a jikin filta a rubuta ranar canji. In kuma kuka rufe gida kuka tafi Najeriya ko Nijar ganin dangi, ko da na mako 2 ne, ranar dawowa kada a sha abin da ya kwana a tankin filta. A zubar, a bar shi ya sake cika, a sake zubarwa, sannan a ɗora shayi.