Sitaj a ONG ba ko dala: ya kai a yi?

Ƙanena, ka ce kana shekarar ƙarshe ta lisansi a Jami'ar André Salifou, wata ONG, wato ƙungiyar agaji mai zaman kanta, ta karɓe ka sitaj na wata uku ba biya, kana tsoron ɓata lokaci. Ka karɓa, amma kafin ka sa hannu ka tambaye su sau nawa za ka riƙa fita ƙauye, kuma a rubuta amsar cikin takardar yarjejeniyar da kai da jami'a da ONG ɗin za ku rattaba wa hannu. A nan ne ake faɗin wanda zai kula da kai, da kuɗin guzurin fita, da abin da za a yi in hatsari ya same ka a hanya. Wanda bai yi haka ba yakan ƙare a biro yana fotokwafi da kai takardu, ya fito da takardar shaida kawai.

Ƙauye shi ke sauya tunanin ɗalibi. Ɗauki aikin tamowa a wajen Magariya ko Matameye, tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya taso. Za a ba ka ma'aunin damtse na yara 'yan wata 6 zuwa 59: ƙasa da milimita 115 ja ne, wato tamowa mai tsanani, daga 115 zuwa 125 rawaya, wato matsakaiciya. Za ka danna bayan ƙafar yaro daƙiƙa 3 ka ga ko gurbin yatsa ya zauna, alamar kumburin tamowa. Wannan kwana biyu ya isa ka iya. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne gane dalilin da ya hana uwa dawo da ɗanta CSI, wato ƙaramin asibitin yankin. Sabon ɗalibi sai ya rubuta "rashin wayewa". Da ya zauna ya saurare ta, zai ji tafiyar rabin yini ce a amalanke, ga noma ya kama, ga yara uku ba mai tsaronsu. Bayan haka ba zai sake rubuta rahoto kamar da ba.

Haka taron Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Matan da ba su taɓa shiga lakwal ba suna riƙe lissafin zubi da bashi da tarar makara ba kuskure. Mai karatun tattalin arziki ya zauna ya kalla, bakinsa a rufe.

In an ɗora ka kan tambayoyi da KoboCollect, manhajar cike fom a waya, kula da fassara. Abin da Faransanci ke kira "ménage", wato iyali ɗaya, masu cin tukunya ɗaya ne. In ka ce "gida", za a lissafa maka mutum talatin, duk alƙaluman su lalace. Fara da gaida mai gari, ka tafi da batirin ajiya, ka tura bayanai duk yamma da ka samu rezo. Kada ka cike fom a gindin gawo ba tare da ka tambayi kowa ba, domin wayar na ajiye lokaci da wurin da kake, za a gane. Hoton yaron mutane kuma ba ya hawa Facebook.

Batun makomarka: yawancin ɗalibai na shiga da burin farar motar ONG, su fito sun gane wanda ake nema shi ne mai iya bibiyar sakamakon aiki, da lojistik, da lissafin kuɗi, da wanda ya iya Excel sosai. Barbarci na taimako a Gure, Buzanci a Tanut. Za ka kuma ga cewa kwangilar ONG mai wa'adi ce, tana ƙarewa da kuɗin mai bayarwa. Rufe USAID, hukumar agajin Amurka, a 2025 ya zaunar da ma'aikata da dama. Shi ya sa wasu ke fitowa su nufi aikin gwamnati ko mastar ko sana'arsu, kuma ni ban ga faɗuwa a ciki ba.

Riƙe ƙaramin littafi kana rubuta abin da ka gani kowace rana, daga ciki rahoton sitaj zai fito. Takardar shaida kuwa ka neme ta mako biyu kafin ka gama, tun shugaban aikin bai tafi misiyon ba.