Likita, na hango jikina a kan gadon tiyata: mutuwa na yi na dawo?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Daura. Wata takwas ke nan da aka yi mini aiki aka ciro ɗana na huɗu, saboda mabiyiya ta tare hanya, jini ya ɓalle mini cikin dare. An ce leda huɗu aka ƙara mini. Ana cikin aikin sai na tsinci kaina a sama kusa da fitilar ɗakin, ina kallon jikina a kwance an lulluɓe shi da koren ƙyalle. Na ji wata murya tana cewa a yi sauri a kawo jini. Daga nan na shiga wani wuri kamar dogon zaure mai duhu, can ƙarshensa haske, ba zafi ba tsoro. Sai kakata da ta rasu tun ina budurwa ta tare ni, ta ce in koma, yaro yana kuka. Tun ranar na canza. Ba na tsoron mutuwa, biki da anko sun fita raina, amma da na ji warin sifirit sai jikina ya hau rawa, wani daren ko runtsawa ba na yi. Uwar mijina ta ce aljanu ne, ko kuma an kama mini kurwa. Maigidana ya ce in daina faɗa wa mutane, kar a ce na taɓu. Likita, mutuwa na yi na dawo, ko ƙwaƙwalwata ce ta samu matsala?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah Ya raya yaro Ya albarkace shi. Leda huɗu ba wasa ba ne, kin tsallake rijiya da baya.

Ba mutuwa kika yi ba, kuma ba ki taɓu ba. Aikina sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata a nan Katsina, ni ne mutumin da ke tsaye a wajen kai yana kallon na'ura, wanda mara lafiya ke mantawa da shi da zarar ya farka. Irin labarinki na sha jin sa, galibi a asirce, bayan 'yan dubiya sun watse. Mace za ta ja ni gefe ta ce, Likita, akwai abin da na gani, amma kar ka yi mini dariya.

Mu fara da maganar mutuwa. Wanda ajalinsa ya yi ba ya dawowa, kuma a kan wannan likita da malami ba su da saɓani. Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, ta ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa ya roƙi a mayar da shi, aka ce a'a, akwai barzahu har ranar tashi. Kakanninmu suna da sunan abin da ke faruwa da wanda aka ɗauka ya cika sai ya motsa: dogon suma. Ko wanda zuciyarsa ta tsaya cak muka danna ƙirji ta tashi, hanyar mutuwa ya kama, bai kai ba, da sauran shan ruwansa. Ke kuwa ba ma dole ba ne a ce zuciyarki ta tsaya. Kina iya tabbatarwa. Duk aikin da aka yi, mai sa barci yana rubuta hawan jini da bugun zuciya a takarda kusan duk minti 5, da sunan kowace allura. Takardar tana cikin fayil ɗinki. Ki koma inda aka yi aikin ki roƙi likita ya karanta miki.

Zato na mafi ƙarfi shi ne za a ga sunan ketamin a wurin. Allura ce da aka ƙirƙiro a Amurka a 1962, kuma a asibitocinmu ita ce abin dogaro idan jini ya ɓalle. Yawancin allurar barci suna saukar da hawan jini, suna kuma danne numfashi, wanda ga matar da jininta ke tsiyaya tura mota ne a gangare. Ketamin tana riƙe hawan jini, numfashi ma ba ta cika taɓa shi ba. Ta ceci mata masu yawa. Sai dai barcinta daban ne. Yanke igiyar da ke tsakanin hankali da jiki take yi, mutum ba ya jin yanka, amma wani sashe na ƙwaƙwalwarsa yana aiki, har ido kan zauna a buɗe. Shawagi a sama, ganin jiki daga nesa, wucewa ta rami ko rariya, haske mai ƙarfi, haɗuwa da wani, duk sanannun halayenta ne, musamman lokacin da ta fara sakin mutum. Na taɓa yi wa wani dattijo manomi ita za a yi masa aikin ƙaba. Da ya farfaɗo ya rantse mini ya zaga gonarsa ta sama kamar shirwa, har ya ga inda awaki suka yi masa ɓarna.

Muryar da kika ji kuwa, ina kyautata zaton da kunnenki kika ji ta. A aikin ciro jariri da gangan muke taƙaita allura kafin yaro ya fito, don abin da uwa ta samu yana ratsawa ya kai ga ɗa. Idan jini yana zuba mukan ƙara ragewa, gudun kada zuciya ta gaza. Saboda haka barcin ba ya nauyi, kuma ji yana cikin abubuwan da ke jinkirin ɗaukewa. Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya a 2014 ya gano cewa a tiyata gaba ɗaya, kusan mutum 1 cikin 19,600 ne ke zuwa da kansa ya ce ya san abin da ake yi yana cikin barcin allura. A aikin ciro jariri da aka sa uwa barci gaba ɗaya, lissafin ya koma kusan 1 cikin 670. Dubi tazarar. Shi ya sa nake yawan jan kunnen ƙananan ma'aikata su iya bakinsu a ɗakin tiyata, domin wanda ke kwance yana iya ɗauka.

Ganin kai daga sama shi ya fi rikita mutane, shi ne kuma aka fi samun bayaninsa. A bayan kunne, ta sama kaɗan, akwai inda ƙwaƙwalwa ke haɗa saƙon ido da na fata da na cikin kunne, ta gaya wa mutum cewa ga inda kake, cikin wannan jikin kake. A 2002 wani likita mai suna Olaf Blanke a Janiba ta ƙasar Suwizalan yana binciken wata mata 'yar shekara 43 mai farfaɗiya, an shimfiɗa mata 'yan wayoyi a kan ƙwaƙwalwa. Da ya sa wa wannan wurin ɗan lantarki a ɓangaren dama, matar tana farke ta ce ga ta can sama tana hango kanta a kan gado. Ya kashe, ta dawo. Zauren ma haka. Idan jini ya ragu a ido, gefe-gefen gani ne ke fara dushewa, tsakiya ta rage kamar bakin rijiya ga wanda ke ciki. Matuƙan jiragen yaƙi da ake juyawa a na'urar horo har jini ya sauka daga kansu suna ba da wannan labarin.

Amma ba zan ce miki an rufe littafi ba, don masana kansu suna jayayya. Likitan zuciya Pim van Lommel na ƙasar Holan ya bi mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su, ya wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2001. Mutum 62, wato kashi 18 cikin 100, sun ba da labari irin naki. Hujjarsa ita ce, da rashin iska a ƙwaƙwalwa ne kawai sanadi, ai duk 344 sun rasa iskar, me ya sa sauran ba su ga komai ba? Wani kuma, Sam Parnia, ya jagoranci bincike a asibitoci 15 na Ingila da Amurka da Ostiriya, ya fitar a 2014. Sun ɗora hotuna a kan kantoci can sama, yadda sai wanda ke kusa da silin zai gan su. Cikin mutum 2,060 da zuciyarsu ta tsaya, an yi hira da 140, kuma babu wanda ya ce ya ga hoto. Sai dai wani mutum ɗan shekara 57 ya faɗi abin da aka yi a kansa daidai, har da ƙarar na'ura, kuma ɗakin da abin ya same shi babu kanta a ciki. Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi daga wannan sakamakon.

Ni ga inda na tsaya. Na'urata tana auna jini da iska da bugun zuciya, a nan iyakarta take. Ruhi kuwa Suratul Isra'i aya ta 85 ta ce al'amarin Ubangiji ne, kuma Suratuz Zumar aya ta 42 ta ce Allah yana karɓar rayuka har a cikin barci, Ya saki waɗanda kwanansu bai ƙare ba. Sanin sunan allurar da aka yi miki bai rage komai daga rahamar da aka yi miki a daren ba. Abin da zan hana ki kawai shi ne ki ɗauki abin da kika gani a matsayin rahoton lahira. Kowa da irin nasa yake gani. Binciken da aka yi a Indiya ya nuna mutanen can sukan ce 'yan aike ne suka zo suka tafi da su, aka duba littafi aka ce kuskure ne, ba shi ake nema ba, a mayar da shi. Ke zaure kika gani da kakarki, domin da abin da ke cikin rumbunta ƙwaƙwalwa ke gini.

Canjin da kika ambata kashi biyu ne, kar ki haɗa su. Fitar tsoron mutuwa da raina ƙyale-ƙyalen duniya ba cuta ba ne. Van Lommel ya sake neman mutanensa bayan shekara 2, ya kuma neme su bayan shekara 8, ya tarar da haka: tsoron mutuwa ya ragu, tausayi ya ƙaru, kuma canjin a hankali yake zama, shekaru yake ɗauka. Wahalarsa tana wajen zama da mutane. Ƙawa za ta aiko da anko ki ce ba ki so, a ce girman kai ne ko ustazanci ya kama ki. Shawarata ki riƙe zumunci ko da ba ki ɗinka ankon ba, ki je ki yi Allah Ya sanya alheri ki dawo. Idan kuwa fitar ran ta wuce biki ta kai ga abinci da miji da shi kansa jaririn, ko kika fara jin gara da ba ki dawo ba, wannan wani abu ne daban, ciwon damuwa ne da kan biyo bayan haihuwa, kuma ba a jira da shi ko kwana ɗaya.

Rawar jiki da rashin barci su ne nake so a yi wa magani. Jikinki ya ajiye tsoron daren, ya ɗaure shi da warin sifirit, shi ya sa hanci na shaƙa zuciya ke tashi tun kafin ki yi tunani. Firgici ne da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, irin wanda ake gani ga waɗanda suka tsira daga haɗarin mota ko hannun 'yan bindiga. Idan ya wuce wata 1 bai lafa ba ana so a ga likita, ke kuwa wata 8. Babban maganinsa zama ne da ƙwararre a warware labarin daki-daki har warin ya koma wari kawai, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Ki nemi a tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Na san sunan sashen kaɗai yana korar mutane, amma yawancin masu zama a bencinsa rashin barci da fargaba ne suka kai su. Kar ki sayi maganin barci a kemis, ga shi kina shayarwa. In kin je a auna miki jini, don ƙarancinsa ma yana sa faɗuwar gaba. Ki kuma gaya musu idan nono bai zo sosai ba bayan haihuwar, ko kasala ta yi yawa, domin zubar jini mai tsanani kan taɓa wata 'yar ƙaramar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa nono da al'ada.

Game da Inna, kar ki yi musu da ita, tsoron rasa ki ne ya sa ta neman dalili. Addu'a da azkar na safe da yamma ki riƙe su, ba sa karo da asibiti. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kama sunan wata a ce ita ta kama miki kurwa, ko a kai ki inda za a yi miki hayaƙi da duka. Taɓin hankali kuwa kamanninsa daban: mutum yana farke yana jin muryoyi, yau da gobe, har ya kasa kula da kansa. Naki sau ɗaya ya faru, jini na zuba, allura na jiki. Maigida yana da gaskiya cewa ba kowa ake buɗe wa ciki ba, amma shi ya kamata ya zauna ya ji labarin tun daga fitila har zuwa kakarki, ba tare da ya katse ki ba. Ki ba shi wannan amsar ya karanta.

Idan Allah Ya kawo wani cikin, ki bari aƙalla shekara 2 ta cika tukuna, ki fara awo da wuri, a yi hoto a ga inda mabiyiya ta zauna, domin mahaifar da aka taɓa yankawa mabiyiya kan manne wa tabon. A tsara haihuwar a asibitin da ke da ma'ajiyar jini, 'yan'uwa su ba da nasu tun kafin ranar. Aikin da aka shirya ba cikin gaggawa ba sau da yawa da allurar baya ake yin sa, kina farke, ƙasan jiki ne kawai zai mutu, ki ji kukan farko da kunnenki. In kuma dole sai an sa ki barci, ki gaya wa mai sa barcin duk abin da kika rubuto mini tun kafin a hau da ke gado. Akwai allurar da muke haɗawa da ketamin ta rage gane-ganen, kuma wanda aka gaya wa ya fi sa ido a kan nauyin barcin.