Amsa ga Auta kan haɗuwar gidan Hajiya

Assalamu alaikum 'yan gida. Auta, na ga saƙonki, wai ƙarfe nawa za a haɗu gidan Hajiya washegarin sallah. Hmm. Ni dai na san ba lokaci kike tambaya ba, so kike ki ji yaushe za a sauke kaskon suya ki shigo da lallenki kina "sannunku da aiki". To ƙarfe tara, kuma ki zo da zanin aiki.

Ai kin san tsarin, ba sai an faɗa ba. Ranar sallah a yanka a rataye, a soya kayan ciki. Washegari Baffa ya shimfiɗa tabarma da wuƙarsa, ba mai sa hannu sai ya gama rabo. Cinyar nan ta Gwaggo ce, ba wanda ya taɓa furtawa, amma ki gwada ɗauka ki gani. Wutsiya kuwa Hajiya ta ɓoye sai cika-ciki. Mu kuma hayaƙi har la'asar, ido ya yi ja, sannan a ce ba a ɗanɗanawa sai an cire na maƙwabta. Kowa kuma yana ci a ɓoye, har ita Hajiyar, na ganta da idona.

Amma ni abin da ya fi ci min rai, kulata. Kula mai ruwan goro, wadda na saya a Kantin Kwari... a'a, astagfirullah, a Sabon Gari na saya, Kwari atamfar na ɗauko. Aka zuba tuwon sallah aka kai gidan Kawu, shekara uku ke nan. Bara na je gaisuwa, wallahi a cikinta aka kawo min miyar taushe! Na kalli kula, kula ta kalle ni. Matar Kawu tana cewa "ki ci mana, ko kin ƙoshi da namu ne?" Alhali gida na huɗu ke nan da na ci tuwo tun safe, in ka ce ka ƙoshi kuma an shekara ana mita. Murfin ma ba nata ba ne, na wata aka ɗora.

Kada wanda ya je ya faɗa musu fa, zumunci ya fi kula. Amma dai tawa ce.

Sai maganar wa za a fara gaisarwa, Gwaggo ko Kawu... a bar wannan, kaina ciwo yake.

Ke dai ki fito da wuri, kin san da yamma hawan Daushe ne, hanyar Ƙofar Kudu ba ta biyuwa. Ki nemo canji na barka da sallah, yaran yanzu in ka ba su naira 50 juya ta suke yi suna kallonka. Kuma ki shirya amsa, Gwaggo sai ta tambaye ki ina mijin.