Amsoshin Tambayoyinku: Tsarabar Tsibiri da Kayan Jabu

Tambaya: Ni amarya ce, za mu je hutu Zanzibar da maigidana. Ban iya ciniki ba, kunya nake ji in yi tayi, kuma ina tsoron a cuce ni. Ya zan yi?

Allah ya sanya alheri, ƙanwata. Kwantar da hankalinki, kunyar nan ba aibi ba ce. Ranar farko ki shiga kasuwa ba da niyyar saye ba. Ki zaga Darajani, tsohuwar kasuwar da aka gina tun 1904, ki bi lungunan Stone Town, wato tsohon garin Zanzibar, ki tambayi kuɗin abu ɗaya a rumfa uku ko huɗu, ki yi godiya ki wuce. Kafin magariba kin san farashi. Washegari in aka faɗa miki kuɗi, ki taya abin da ranki ya natsu da shi. In mai kaya ya ƙi, ki juya a hankali. Wanda ke da sauran riba zai kira ki, wanda ya bar ki kika tafi kuwa tayinki ne ya yi ƙasa. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki taya abin da ba ki da niyyar saye, domin in an sallama miki ya zama naki. Kuma ki lura da masu liƙe wa baƙo su ce za su kai shi shagon ɗan uwansu. La'adarsu a cikin kuɗinki take.

Tambaya: Da dala zan yi sayayya ko sai na canza?

Canza. Shilin a Zanzibar, rufi a Morishiyos, rufiya a Bali. Mai biya da dala ya riga ya sanar da kasuwa cewa baƙo ne, kuma lissafin canjin a bakin mai kaya yake. Ka nemi ƙananan takardu, ka raba su aljihu biyu.

Tambaya: Na sayo sassaƙen baƙin katako da zobe mai dutsen tanzanait a bakin teku. Yanzu katakon yana baƙanta mini hannu. An cuce ni ne?

Malam, ka riga ka ba kanka amsa. Katakon da ke shafa baƙi a hannu man goge takalmi aka shafa masa. Baƙin katakon gaske, wanda masassaƙan gabashin Afirka ke kira mpingo, nauyi gare shi har nitsewa yake a ruwa, kuma baƙinsa daga ciki yake. Da ka juya gindin sassaƙen ka kankare da farce, ko ka goga masa jiƙaƙƙen hankici a gaban mai shi, da ba mu zo nan ba.

Zoben kuwa ban ma so in taɓo shi. Tanzanait a wuri ɗaya tak ake haƙo shi a duniya, tsaunukan Merelani kusa da Arusha a Tanzaniya, inda aka gano shi a 1967. Dutse mai wannan daraja ne wani zai zaro daga aljihun wando a kan rairayi ya miƙo maka a araha? Kwalba ce mai launi. Dutse mai tsada a shago mai rajista ake sayen sa, da takardar shaida da rasit.

Bari in tsaya a nan, domin wasiƙu irin taka sun fi kowanne yawa a wurina. Mutum da hankalinsa, wanda ba a iya yi masa wayo a harkarsa, da ya sauka tsibiri ya shaƙi iskar teku sai ya saki jiki. Duk abin da aka ce masa aikin hannu ne sai ya gaskata. To ku buɗe ido. In kun ga mundaye iri ɗaya, zane ɗaya, girma ɗaya a rumfa ashirin jere, inji ne ya buga su, sau da yawa ma a wata ƙasa can, aka shigo da su a kwantena aka manna musu sunan tsibirin. Aikin hannu ba ya zuwa sak, za ka ga inda wuƙa ta ɗan goce, inda zare ya ɗan yi kauri.

Ɗauki ƙyallen batik na Indunusiya, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2009. Da narkakken kaki ake zana shi sannan a tsoma a rini, saboda haka launin yana ratsa ƙyallen gaba da baya. Juya shi kawai. In bayan ya yi fari-fari, bugun inji ne, ko da an rantse maka a kasuwar Ubud ta tsibirin Bali. Lu'ulu'u, goga shi a haƙori: na gaske yana da ɗan kaushi, na roba sulɓi ne. Azurfa ana buga mata lamba 925, amma buga lamba ba wuya, don haka in maganaɗisu ya ja ta, ajiye musu kayarsu. Kayan ƙamshi ma ba su tsira ba. Kanumfari da kirfa da masoro na Zanzibar sayi gudansu, ka shinshina, ka bar garin da aka ƙulle a leda. Za'afaran mai araha kuwa furen wata ciyawa ne ko kurkur.

Ba cewa nake kada a sayi kayan inji ba. In rigar ta burge ka, saya, amma a kuɗin kayan inji. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutum ya kwashe rabin yini yana matse tsohuwar da ke saƙa kwando a gabansa a kan 'yan canji, sannan ya je ya zube kuɗin kwana uku na otal a kan kwalba. Inda ka ga mai sana'a zaune da kayan aikinsa, ɓawon katako zube a ƙafarsa, nan ne wurin sakin hannu.

Tambaya: Na ga awarwaro na ƙoƙon kunkurun teku da sarƙar murjani, sun yi kyau ƙwarai. In saya wa mahaifiyata?

Allah ya saka miki da alheri kan tunawa da Hajiya, amma kada ki kuskura. Yarjejeniyar CITES ta kare namun daji da tsirrai, da ta fara aiki a 1975, ta hana cinikin ƙoƙon kunkurun teku tsakanin ƙasashe, haka hauren giwa tun 1989, kuma murjani da yawa da wasu manyan kwansunan teku sai da takardar izini. Mai rumfa zai ce miki ba komai, ai ba shi zai tsaya gaban kwastan ba. Ƙwacewa ce mafi sauƙi, ana iya haɗawa da tara. Sayo mata kanga mai kyau, wato zanen matan can, ko kanumfari.

Tambaya: Abincin kasuwar dare fa?

A Forodhani, kasuwar dare ta Zanzibar, da ire-irensa, ci abin da aka gasa a gabanka yana tururi, a inda mutanen gari suka yi layi. Kifi da jatan lande da aka jera tun la'asar ana jiran a ɗumama, bar su. Tambayi kuɗi kafin a zuba maka. A Bali kuma tambayi naman, domin alade ya yawaita.

Tambaya: Mutum arba'in ke jiran tsarabata. Wace kasuwa ce zan samu ta kowa a araha?

Hutu ka je ko sari? Akwatin jirgi galibi kilo 23 ne, abin da ya ɗoru a kai kuwa kuɗinsa kan fi na kayan. In a Morishiyos kake, je Quatre Bornes ranar Alhamis ko Lahadi, tufafi sun fi sauƙi a can fiye da rumfunan baƙi na Port Louis. Amma rage sunayen nan zuwa goma. Sauran talatin ɗin ka nuna musu hotuna.