In Yesu ne Makaɗaicin Ɗa, mu fa?

Tambaya: Baba Fasto barka da aiki. Yohanna 3:16 ta ce Yesu ne makaɗaicin Ɗa, amma kullum a coci ana ce mana 'ya'yan Allah. To mu 'yan riƙo ne ko yaya? Kuma in na yi zunubi shikenan an kore ni?

Amsa: Yawwa 'yata, barka kadai. Shi Yesu Ɗa ne tun fil'azal, mu kuwa daga waje aka ɗauko mu aka shigar gida saboda alheri, ta wurin bangaskiya, kuma ba maganar haihuwa ta jiki ake yi ba sam, duba Yohanna 1:12-13.

Amma kalmar riƙo ba ta kai ga bayyana matsayinmu ba. A wajenmu ɗan riƙo zai ci ya sha, a sa shi makaranta, har aure a yi masa, amma sunan ubansa yake amsawa, ranar rabon gado kuma sai dai in an yi masa kyauta. Manzo Bulus, wanda ya yi maganar mai da mu 'ya'ya a wasiƙar Romawa, a ƙarƙashin mulkin Roma ya yi rubutunsa, su kuma a dokarsu in mutum ya mai da wani ɗansa to ya fita daga ikon tsohon gidan kenan, ya ɗauki sabon suna, ya ci gado daidai da ɗan cikinsa. Kaisar Augustas ɗin nan na Luka 2:1 ma ai haka ya samu, Yuliyas Kaisar ne ya mai da shi ɗa cikin wasiyyarsa a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu. Shi ya sa Romawa 8:17 ta kira mu abokan gado da Almasihu, aya ta 15 kuma ta sa "Abba", wato Uba, a bakinmu, yadda Yesu ya kira Uban a Getsamani.

Batun zunubi kam ɗarikoki sun rabu, kar wani ya ce miki baki ɗaya ne. Masu bin koyarwar Kalbin, wani malamin tauhidi na Furotesta, sun ce wanda aka mai da ɗa ba a yar da shi har abada, Katolika da Metodis kuma suna ganin mutum na iya juya baya da kansa. Ni dai inda na fi tsayawa shi ne Ibraniyawa 12:6-8, horo alamar ɗa ce, ba takardar sallama ba. In kin faɗi ki furta ki tuba kamar yadda 1 Yohanna 1:9 ta ce, kar kuma ki daina zuwa sujada don kunya, nan ne yawanci matsalar take farawa.